Jarrabawar Hannu Ga Masu Koyon Aikin Jinya

Ga wani al'amari wanda ya cancanci a dube shi da kyau, gama ya shafi gidaje masu yawa. A yau akwai malamai da attajirai waɗanda 'ya'yansu, maza da mata, su ke makarantun koyon aikin jinya da ungozomanci a Kano da Katsina da Sakkwato da Zariya da Maiduguri da sauran garuruwa. Wanda ba shi da ɗa a can kuwa, ba makawa wata rana shi ko iyalinsa za su kwanta a hannun wanda ya fito daga can. To, ɗaliban nan jarrabawa iri biyu su ke fuskanta. Akwai ta rubutu, akwai kuma ta hannu, inda ɗalibi zai tsaya gaban mai jarrabawa ya aikata abin da ya koya ana kallonsa. Ta biyun ita ce ɗalibai ke kira Oski, ita ce kuma ke hana su barci. Abin mamaki, malaman jinya a ƙasashe da yawa sun yi ta tambayar ɗalibansu ra'ayinsu a kanta, amsar kuwa kusan ɗaya ce ko'ina: ita ta fi kowace jarrabawa ta da hankali, ita kuma ta fi kowace adalci.

Asalinta

A dā, a ƙasar Ingila da ƙasashen da suka ɗauki tsarinta, in za a jarraba mai koyon aikin likita ko na jinya, sai a kai shi bakin gadon wani majiyyaci a asibiti, a ce ya duba shi, sa'an nan manya su yi masa tambayoyi. Wannan hanya tana da aibi babba. Wani ɗalibi ya kan dace da majiyyaci mai sauƙin ciwo, mai haƙuri, wani kuwa a haɗa shi da wanda ciwonsa ya rikice, ko wanda zafin ciwo ya hana shi magana. Wani ya faɗa hannun mai jarrabawa mai sanyin hali, wani ya faɗa hannun mai tsanani. Saboda haka cin jarrabawa ya zama rabinsa ilmi rabinsa sa'a. Kowane ɗan kasuwa ya san irin rigimar da ke tashi in an auna wa wannan hatsi da mudu babba, aka auna wa wancan da ƙarami, alhali kuɗinsu ɗaya.

A shekarar 1975 wani likita mai suna Ronald Harden, na Jami'ar Dundi a ƙasar Sikotlan, shi da abokan aikinsa, suka buga bayanin wata sabuwar hanya. Suka ce a raba jarrabawa zango zango, kamar tafiyar fatake. Kowane zango da aikinsa guda, da mai jarrabawarsa, da takardar da aka jera sharuɗɗan aikin a kanta tun kafin ɗalibi ya shigo. Ɗalibi ya yi kamar minti 5 a zango, a buga ƙararrawa, ya wuce na gaba, wanda ke bayansa ya maye gurbinsa. Ta haka kowa ya bi zangon da ɗan'uwansa ya bi, ya yi aikin da ya yi, an kuwa auna su duka da mudu ɗaya.

Tun da ba zai yiwu a ajiye majiyyaci guda ɗalibai hamsin su yi ta juya shi ba, sai aka nemi abin da zai tsaya a madadinsa. An riga an sami hanya biyu. Ta farko mutum-mutumi. Tun 1911 wata mai yin 'yar tsana a Amurka, Martha Chase, ta ɗinka wata mai girman mutum domin ɗaliban jinya na asibitin Hartford su koyi wanka da juya majiyyaci da canja masa tufa. A 1960 kuma wani mai yin kayan wasan yara a ƙasar Norwe, Asmund Laerdal, ya ƙera na roba wanda a ke koyon hura numfashi a bakinsa. Hanya ta biyu ita ce a sami mutum mai lafiya a koya masa ya kwaikwayi mara lafiya, ya yi nishi, ya faɗi inda ke masa ciwo. Wani likita a Amurka, Howard Barrows, ya fara wannan a 1963.

A ƙasar nan, Majalisar Aikin Jinya da Ungozomanci ta Nijeriya, wadda aka kafa da doka a 1979, ita ke ba da takardar izinin aiki, kuma ta sa wannan jarrabawa cikin sharuɗɗanta. Da masu koyon ungozomanci aka fara, daga baya aka haɗa da masu koyon jinya. Wanda ya yi niyyar zuwa aiki Ingila ma zai sake gamuwa da ita a can, gama tun 2014 hukumar jinya ta ƙasar ta wajabta ta a kan nas-nas da suka yi karatu a wajen Turai, ko da sun shekara goma suna aiki. Zango 10 gare ta a can.

Yadda a ke yinta

Ga misalin abin da ɗaliba za ta tarar. Ta shiga zango, ta karanta umurni a jikin takarda: ga majiyyaci, a auna zafin jikinsa da bugun jininsa da numfashinsa. Sai ta gaishe shi, ta faɗi sunanta, ta tabbatar da nasa, ta gaya masa abin da za ta yi, ta nemi yardarsa, ta ja labule domin sutura. Ta wanke hannu. Wankin hannun kansa da ƙa'ida: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in da ruwa da sabulu ne, sakan 40 zuwa 60, in da maganin shafawa ne, sakan 20 zuwa 30, a bi tafin hannu da bayansa da tsakanin yatsu da babban yatsa da ƙarƙashin farce. Sa'an nan ta auna, ta rubuta, ta kuma san ma'anar abin da ta rubuta, watau bugun jinin baligi yana tsakanin 60 da 100 a minti guda, numfashinsa tsakanin 12 da 20, abin da ya fita daga nan sai a sanar da na gaba.

A wani zango allura ce: ta tabbata majiyyacin shi ne, maganin shi ne, gwargwadonsa daidai, hanyar ba da shi daidai, lokacinsa daidai. A wani wankin miki ne, inda hantsakin da ya taɓa ƙazanta ba ya komawa cikin tsabtatattun kaya. A wani kuma mutum ne numfashinsa ya tsaya, sai ta danna ƙirjinsa sau 30 ta hura masa iska sau 2, ta yi ta maimaitawa. Duk wannan mai jarrabawa yana gefe da alƙalami, ba ya cewa uffan, ba ya murmushi, ba ya ɗaure fuska. Abin da ta yi ya sa mata maki, abin da ta tsallake ya bar wurin fari.

Kukan ɗalibai

Abu na farko da su ke kuka da shi ido ne. A jarrabawar rubutu mutum da takardarsa ne kaɗai, in ya yi kuskure ya soke ya gyara ba wanda ya gani. A nan kuwa kuskure a fili ya ke. Sai ka ga ɗalibar da ta yi allura sau da yawa a asibiti hannunta yana rawa, sirinji yana neman faɗuwa, ta manta wankin hannun da ta ke yi kullum ba tare da tunani ba. Shirun mai jarrabawa ya kan ƙara mata ruɗewa, gama ba ta san ko tana kan hanya ko ta kauce ba.

Na biyu agogo. Su kan ce mintocin sun yi kaɗan, kafin mutum ya karanta umurni ya tattara hankalinsa an buga ƙararrawa, kuma wanda ya ɓata zango ɗaya ya kan ɗauki baƙin cikinsa ya shiga na gaba da shi, ya ɓata shi ma.

Na uku, su kan ce abin wasan kwaikwayo ne. A ɗakin majiyyata ɗaliba ta saba cewa, "Sannu Baba, yaya ƙarfin jiki? Miƙo hannunka in auna ka." Baba ya amsa, ya miƙo hannu, har ya sa mata albarka. A jarrabawa kuwa roba ce kwance, ba ta ji ba ta gani, ga shi kuma da Turanci za ta lallashe ta. Wanda harshensa bai saba da Turanci ba ya kan ji nauyi biyu, na aikin da na magana.

Na huɗu, bambancin abin da a ke koya a aji da abin da a ke gani a asibiti. Takardar jarrabawa ta ce a sa safar hannu sabuwa, a buɗe ƙunshin kaya tsabtatacce, a wanke hannu a famfo. Ɗalibi kuwa wataƙila ya yi watanni a ɗakin da nas ɗaya ke kula da gadaje masu yawa, ruwa sai a bokiti, safar hannu sai dangin majiyyaci sun sayo. Hannunsa ya saba da gajeriyar hanya, ranar jarrabawa a ce ya bi doguwa. Wasu kuma makarantarsu mutum-mutumi ɗaya ko biyu gare ta, ɗalibai kuwa aji cike, har wani ya kai ranar jarrabawa bai taɓa shi ba sai sau ɗaya.

Abin da su ke yabawa

Duk da haka, in ƙura ta lafa, yawancinsu su kan yarda da abu biyu. Sun yarda ba a zalunci kowa ba, domin tambayar ɗaya ce, lokacin ɗaya, kuma masu jarrabawa da yawa ne, in wani bai so fuskarka ba, zango ɗaya kaɗai ke hannunsa. Sun kuma yarda shirin da suka yi dominta ya koya musu abin da littafi bai koya musu ba. Wanda ya san za a kalli hannunsa dole ya tashi daga kan tabarma ya je ɗakin gwaji ya ɗauki kayan aiki. Da yawa su kan ce ranar da suka fara aiki su kaɗai, abin da suka maimaita domin Oski shi ne ya zo musu a hannu.

Auna kukan da ma'auni

To, mai karatu, kukan nan huɗu ba nauyinsu ɗaya ba.

Game da ido, masu karatun allo sun fi kowa sanin maganinsa. Gardi ya kan yi tilawa shi kaɗai cikin dare ba ya ko tuntuɓe, amma ranar da ya kawo allonsa wurin darasu, alarammomi sun kewaye shi, sai harshe ya sarƙe a wurin da bai taɓa sarƙewa ba. Ba wanda ya taɓa cewa a daina darasu saboda wannan. Abin da a ke yi shi ne a yi ta kawo shi gaban jama'a har idon mutane ya zame masa kamar bango. Haka aikin jinya ya ke, gama nas ba ta aiki a ɓoye. Majiyyaci yana kallonta, uwarsa tana kallonta, 'yan dubiya sun cika ƙofa. Wadda idon mutum ɗaya mai alƙalami ya sa ta rawar hannu, gara ta gane haka a ɗakin jarrabawa, inda roba ce a gabanta, da ta gane shi a kan ɗan wani.

Game da agogo, gaskiya ne wani zangon a kan cusa masa aikin da ya fi ƙarfin mintocinsa, wannan kuwa laifin masu tsarawa ne, ya kamata su gwada da kansu tukuna. Amma agogon kansa daga aikin ya fito. Jaririn da aka haifa bai yi numfashi ba, ƙa'idar ungozomai ita ce a share shi, a motsa shi, in bai yi kuka ba a fara tura masa iska kafin minti ɗaya ya cika. Matar da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa ba ta jiran a tuna shafin littafi. Wanda zai yi aiki a irin wannan wuri, ba a cuce shi ba in an koya masa tsere da ƙararrawa.

Game da roba da Turanci, ɗalibai suna da rabin gaskiya. Roba ba ta jin zafi, ba ta tsoro, ba ta ƙin magani, don haka ba ta iya nuna ko ɗalibi yana da tausayi da iya lallashi. Shi ya sa makarantun da suka ƙware su kan haɗa da mutum mai kwaikwayon ciwo, kuma ba su dogara ga Oski ita kaɗai, sai sun haɗa da shaidar manyan nas-nas waɗanda suka ga aikin ɗalibi a ɗakin majiyyata wata da watanni.

Kuka na huɗu kuwa gaskiya ne gaba ɗayansa, kuma ba a wuyan ɗalibai ya ke ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Makarantar da ta karɓi kuɗin iyaye, ta tara ɗalibai fiye da kayan aikinta, ta kulle ɗakin gwaji sai mako biyu kafin jarrabawa, ita ta haifi yawancin tsoron nan. Adalcin mudu ɗaya ba ya cika sai kowa ya sami damar riƙe mudun kafin ranar awo.

Wata ɓarna da ke ɓoye

Akwai wani hali da tsoro ke haifarwa wanda ya fi rawar hannu haɗari. Tun da ɗalibai sun san da takardar sharuɗɗa a ke ba da maki, wasu sai su haddace takardar kamar karatun aku. Su shigo su yi ta zuba magana, na wanke hannu, na ja labule, na duba suna, alhali ba su san dalilin ko ɗaya ba. Irin wannan ya kan ci jarrabawa, amma ranar da ya gamu da majiyyacin da bai bi tsarin takarda ba, sai ya tsaya cik.

Wani malamin likitoci a Amurka, George Miller, ya kasa gwaninta hawa huɗu a 1990. Na ƙasa shi ne mutum ya san abu. Na biyu ya san yadda a ke yinsa. Na uku ya nuna a gaban mai jarrabawa. Na huɗu, wanda ya fi duka, shi ne abin da ya ke aikatawa kullum in ba mai duba shi. Jarrabawar rubutu tana auna hawa na ɗaya da na biyu, Oski tana auna na uku. Na huɗu ba jarrabawar da ta kai gare shi, sai tarbiyya da amana. Nas ɗin da ke wanke hannu tsakar dare, tsakanin gado da gado, ba kowa a farke sai ita, ita ce aka yi dukan wahalar nan domin a samu. Saboda haka malamin kirki, in ya koya wa ɗalibi sharaɗi, sai ya haɗa masa da dalilinsa: a duba suna domin mutum biyu su kan zo da suna ɗaya a ɗaki ɗaya, a wanke hannu domin hannu ne ke ɗaukar cuta daga wannan gado zuwa wancan. Abin da aka san dalilinsa ya fi wuyar mantawa ko da gaba yana faɗuwa.

Abin da ya rage ga iyaye da masu hali

Uban da 'yarsa ta dawo hutu tana zullumin wannan jarrabawa yana da taimakon da zai yi mata, ko da bai san harafin boko ɗaya ba. Ya saya mata agogo mai nuna sakan, da ma'aunin zafin jiki, da abin awon jini, kuɗinsu bai kai na turmin atamfa mai kyau ba. Ya miƙa mata hannunsa ta auna, ya tara mata iyayenta mata da ƙannenta su zauna su zuba mata ido, wani ya riƙe agogo. Abin da ba ya huda fata, kamar awo da naɗa bandeji da juya mai kwanciya, duk ana iya maimaita shi a tsakar gida. Allura da magani kuwa a bar su sai gaban malamanta. Yau da gobe, idon mutane zai daina yi mata nauyi.

Kafin a kai yaro makaranta kuma, a tambaya ko Majalisar Aikin Jinya ta amince da ita, a nemi ganin ɗakin gwajinta, a ji sau nawa a ke buɗe shi a mako. Ɗan kasuwa ba ya sayen kaya a cikin buhu ɗaure. Attajiran da Allah ya hore wa kuwa, su sani mutum-mutumi guda da aka saya wa makarantar jinya ta garinsu zai koyar da ɗalibai aji bayan aji shekaru masu yawa.

Abu na ƙarshe, in yaro ya faɗi, kada uba ya tashi neman wanda ya sani domin a ɗaga masa maki, kada kuma ya kunyata shi a gaban dangi. Faɗuwa a nan ma'anarta hannun bai nuna ba tukuna, akwai kuwa damar sakewa. Makin da aka samu ta bayan gida majiyyaci ne zai biya shi, kuma ba wanda ya san ko wane ne majiyyacin. Ɗalibin da ya ji tsoron wannan jarrabawa, ya sa tsoron ya kai shi ɗakin gwaji safe da yamma, ya fahimci girman abin da za a damƙa masa. Wanda ya kamata a ji wa tsoro shi ne wanda bai damu ba.

Allah ya ba ɗalibai sa'a, ya ba malamansu ikon riƙe amana, ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.